Ranar da Ilima Ta Daina Karɓar Numfashin Kakanta

Su uku ne a gidan, can Waimanalo, wani gari a kan tsibiri, tsakanin dutse da teku. Akwai Tutu Moke, kakan gidan (Tutu suke ce wa kaka a can), wanda ya ƙare ƙarfinsa yana aiki a wurin fasa duwatsu, kullum da karan sigari a gefen baki. Akwai 'yarsa Kanoe, wadda mijinta ya tafi neman aiki Las Vegas, tun yana bugo waya har ya daina. Sai 'yar Kanoe, Ilima, mai shekara bakwai. Abinci bai yanke musu ba, don maƙwabtansu masunta ne, mangwaron bayan gida kuma ba ya rowa. Abin da tsohon ya rasa shi ne numfashi. Kanoe lokaci ta rasa. Ita kuwa yarinyar, tun da kakarta mace, Tutu Lei, ta rasu, ba ta ƙara samun wanda zai zauna ya tambaye ta abin da take saƙawa a ranta ba.

Ta hanyar Kanoe na san su. Ina koyarwa a wata kwaleji a cikin gari, a sashen da muke horar da ma'aikatan kula da numfashi, waɗanda ake gani a asibiti tsaye a kan injin da ke hura wa majinyaci iska, ko suna nuna wa mai asma yadda zai shaƙi maganinsa. Ɗalibai na ce mini Malama, 'ya'yansu kuma Anti Sachi.

Karatun shekara biyu ne. A ta farko ana zaman aji: sassan jiki, hanyoyin da iska ke bi, yadda jini ke ɗaukar oksijin, magunguna, da lissafin saita inji. A ta biyu ana raba mako tsakanin aji da asibiti, kuma duk wani aikin hannu sai ɗalibi ya yi shi a gaban malami kafin a bar shi ya taɓa majinyaci. Kanoe tana shekara ta biyu. Ba ni da ɗalibar da ta kai ta riƙe karatu. A motar haya take bita, a bakin wurin wanke-wanke take bita da ƙarfi, har 'yarta ta haddace wasu kalmomin ba tare da ta san ma'anarsu ba. Matsalarta ɗaya ce: tana ba da amsa tun kafin mai tambaya ya rufe baki.

A cikin gwaje-gwajen hannu akwai wanda ɗalibai ke rainawa, wato koyar da majinyaci. Za a zaunar maka da mutumin da bai taɓa shiga ajinmu ba, ka fahimtar da shi ciwonsa da yadda zai yi amfani da kayansa, sannan shi ya maimaita maka da bakinsa da hannunsa. A nan masu ƙoƙari suka fi faɗuwa. Da na sanar da gwajin, Kanoe ta tsaya bayan an tashi, tana ta naɗe igiyar abin sauraron ƙirjinta tana warwarewa.

"Malama, ni fa na riga na faɗi wannan gwajin a gida."

Na ja mata kujera, ta zauna ta ba ni labari.

Huhun Tutu Moke ya daɗe da lalacewa, sigari da ƙurar dutse sun gama da shi. A watan da ya wuce likita ya rubuta masa oksijin. Aka kawo injin gida, da tukunyar oksijin ta ko-ta-kwana, da doguwar siririyar roba mai baki biyu da ake maƙalawa a hanci. An ce ya riƙa sa ta kusan kullum. Yana sawa, amma sai in Ilima ba ta nan. Da ya ji motar makaranta ta tsaya a bakin titi sai ya fizge robar ya tura ƙarƙashin matashin kujera. Ranakun Asabar da Lahadi kuwa, da yarinyar ke wuni a gida, haka zai wuni babu ita. Leɓensa ya fara yin duhu, ƙafafunsa sun fara kumbura. Kanoe ta san abin da wannan ke nufi, domin ta gani a asibiti: zuciya ce ke wahala, kuma in aka ci gaba a haka gadon asibiti ne zai biyo baya, wataƙila har da injin da take koyon saitawa.

"Kin yi masa bayani?"

"Har zane na yi masa, Malama. Na nuna masa lambobi. Cewa ya yi in kai lambobina asibiti, shi a gidansa jikarsa ba za ta riƙa gudunsa kamar dodo ba."

Abin da ya faru shi ne, tun Ilima tana goye, kowace safiya sai ta yi honi da kakanta kafin komai: goshi da goshi, hanci da hanci, su ja numfashi tare. Da ta fara makaranta ya ƙara da cewa, "Ungo nawa, tafi da shi aji." A makon da aka kawo robar ta daina. Sai ta tsaya daga bakin ƙofa ta ɗaga masa hannu, in za ta wuce ta gabansa ta bi bango a karkace tana toshe hanci. Shi ya sa ya laƙaba mata 'yar ƙaguwa, yana dariya, amma Kanoe ta ce dariyar ba ta kai ciki ba.

"Na ce mata roba ce kawai, ba ta cizo. Na ce mata rashin kunya ne. Har tsawa na yi mata. Sai dai ta sunkuyar da kai."

"Kin tambaye ta dalili?"

"Ai dalilin a fili yake, Malama. Tsoron robar take yi."

Na dai tuna mata cewa ranar Asabar ɗakin gwaji a buɗe yake ga mai son ƙarin bita, kuma ba na hana a zo da yara.

Ranar Asabar da hantsi suka zo. Ɗalibai kaɗan ne a ɗakin. Ilima ta gaishe ni da ladabi, ta samu wuri a ƙarƙashin tebur kusa da gadon mutum-mutumin roba da muke koyon zura bututu a maƙogwaronsa, wanda ɗalibai suka sa wa suna Kawu Herman. Na lura ta daɗe tana kallon robar da ke hancin Kawu Herman, har ta miƙa hannu ta gyara masa ita a bayan kunne. Yarinyar da ke tsoron roba ba ta yin haka.

A kan babban tebur akwai huhun alade guda biyu da muke nuna wa ɗalibai, ɗaya lafiyayye, ɗaya wanda aka lalata da gangan don ya yi kama da na tsohon mashayin sigari. Rodel, wani ɗalibi mai barkwanci, yana matsa jakar iskar da aka haɗa da huhun ta bututu, lafiyayyen huhun yana kumbura ya yi jajir, in ya saki ya koma da kansa.

"Dubi wannan aladen," in ji Rodel. "Ya mutu ya huta, ni da ban karya ba ni nake yi masa numfashi."

"Ka ji da shi," in ji Kanoe daga wajen injin. "Shi ne majinyacin farko da bai nemi a canja masa kai ba."

"Kishi kike yi. Kawu Herman ma ya ce hannuna ya fi naki taushi."

"Kawu Herman haƙoransa biyu ka karya."

Dariyar ce ta fito da Ilima daga ƙarƙashin tebur. Ta zo ta ɗora haɓa a gefen babban teburin tana kallon huhun yana tashi yana sauka. Can ta ja mini riga.

"Anti Sachi, in iskar cikin mutum ta ƙare, a ina ake ɗuro wata?"

Kanoe ta juyo da sauri. "Ba ƙarewa take ba, Ilima, akwai wasu ƙananan jakunkuna a ƙarshen hanyoyin iska, a nan ne jini yake musayar..."

Na ɗaga hannu. "Kanoe. Me muka ce ana fara yi kafin a koyar?"

Ta tsaya, bakinta a buɗe. Rodel ya rufa mata asiri, ya yi kamar yana magana da aladen: "Tambaya, ɗan'uwa. Tambaya ake fara yi."

Kanoe ta aje abin da ke hannunta. Ta zo ta durƙusa har idonta ya yi daidai da na 'yarta. Na ga yadda ta haɗiye bayanin da ya riga ya zo mata baki.

"To, ke a ganinki, a ina iskar take?"

"A ciki. Kowa da tasa." Ilima ta dafa ƙirjinta. "Kamar tukunyar Tutu. In allurar agogon jikinta ta kai wurin ja sai mai mota ya kawo wata. Amma ta cikin mutum ba a kawo wata."

"Wa ya gaya miki haka?"

"Ke."

"Ni?"

"Kin ce a waya huhun Tutu saura kaɗan ya rage. Ina ƙarƙashin tebur na ji." Ta sunkuyar da kai. "Kuma Tutu Lei da ta ba ki numfashinta, ai mutuwa ta yi."

Rodel ya daina matsa jakar. Ban san wannan labarin ba sai daga baya Kanoe ta cike mini shi. Ranar da Tutu Lei za ta cika, ta sa an kira Kanoe, ta jawo kanta ta hura mata numfashi a fuska, yadda tsofaffinmu kan bar wa wanda suka zaɓa abin da ke cikinsu. Kafin la'asar ta rasu. Ilima tana tsaye a bakin ƙofa, ba wanda ya kula da ita.

Kanoe ta sake tambaya, muryarta ta yi ƙasa. "Shi ya sa kika daina honi da Tutu?"

Yarinyar ta gyaɗa kai, sai hawaye. "Kullum yana ba ni. Tun ina jaririya yake ba ni, kullum, kullum. Ni na shanye masa." Ta goge hanci da bayan hannu. "Na yi ta mayar masa. In yana barcin rana sai in hura a filonsa. Amma bai koma ba. Shi ya sa nake toshe hanci in zan wuce, kar in ƙara ɗiba."

Kanoe ta rungume ta. Na juya na shiga gyara bututan da ba su buƙatar gyara, Rodel kuma ya ce bari ya je ya ga ko mai sayar da malasada ya buɗe. Da ya dawo da ledar malasadar, wato soyayyiyar fulawa mai sukari, an share hawaye, Ilima ta ci biyu.

Kanoe ta dube ni, alamar in karɓi bayanin. Na girgiza kai. "Majinyaciyarki ce. Ga kaya nan duk a gabanki."

Ta yi tunani kaɗan. Sai ta ɗauki hannun Ilima ta ɗora a kan jakar iskar.

"Matsa. Kin ga ya cika? Yanzu saki. Ina iskar ta tafi?"

"Ta fita."

"Sake matsawa. Wannan da ta shiga, daga ina ta zo?"

Ilima ta dubi jakar, ta dubi ɗakin. "Daga nan."

"Daga nan. Ɗakin nan cike yake da ita, waje ma haka, har kan teku. Ba wanda aka haifa da tasa a ƙulle. Ara muke yi mu mayar, mu sake ara."

Sannan ta mayar da bututun kan ɗaya huhun, mai launin toka. Ilima ta matsa, ya kumbura. Ta saki, ya ƙi komawa. Ya ɗan saki kaɗan ya tsaya a kumbure, kamar tsohon balan-balan da ya kwana.

"Ya ƙi fita," in ji Ilima.

"Irin na Tutu ke nan. Yanzu tashi tsaye. Rodel, kai ma. Ku ja numfashi ku cika ƙirji. Yawwa. Ku fitar da ɗan kaɗan kawai, ku riƙe sauran. Ku sake ja. Ku fitar da kaɗan. Ku sake ja."

A ja na uku kafaɗun Ilima sun kai kunnenta, idanunta sun firfito. Rodel ya dafe tebur ya zube a kan Kawu Herman yana cewa a gaya wa mahaifiyarsa ya mutu a bakin aiki. Ilima ta fashe da dariya, iskar duk ta fice.

"Me kika ji?" in ji Kanoe.

"Babu wuri. Ina so in ja amma babu wuri."

"Haka Tutu yake ji wuni guda. Ba ƙarewa iskarsa ta yi ba. Tsohuwar ce ta maƙale ta ƙi fita, ta hana sabuwa wurin zama. Da na ce saura kaɗan, wurin da ke aiki a huhun nake nufi. Sigari ne ya yi masa haka, da ƙurar wurin aikinsa, tun kafin a haife ni ma. Ba ke ba ce."

Ilima ba ta ce ta yarda ba. Yara masu irin hankalinta ba sa sakin abin da suka daɗe suna riƙe da shi don an yi musu magana mai daɗi. Kanoe ta gane haka. Ta ɗauko ɗan awon da muke maƙalawa a yatsa, mai nuna yawan oksijin a jini, ta sa a nata yatsan, ta nuna mata lambar. Suka yi honi. Lambar ba ta motsa ba. Suka sake, suka sake, har Ilima ta gaji.

"Ke ai lafiyarki ƙalau," in ji ta. "Sai an gwada da Tutu."

"Ta kama ki," in ji Rodel. "Malama, a ba yarinyar nan takardar shaida, ni a mayar da ni aji ɗaya."

Awon na kwaleji ne, ba a fita da shi sai da malami. Haka na samu kaina a Waimanalo washegari bayan azahar, da awo a jaka da kwanon wake mai zaƙi a hannu.

Tutu Moke yana zaune a baranda yana ɗinkin komar kifi. Dogon mutum ne da ya rame, ƙirjinsa kuwa ya buɗe kamar ganga. Babu komai a hancinsa. Amma ga siririyar roba ta fito daga falo, ta bi ƙasa, ta hau kujera, ta shige ƙarƙashin matashin da yake jingine da shi, tana ta huci a can.

"A'a," in ji shi. Maganarsa guntu-guntu take fita, yana hutawa a tsakani. "Yau har da... shugabar makaranta? Kanoe, ƙarata kika kai?"

"Poi na zo ci, Kawu Moke," na ce, wato dakakken gwazan da suke ci kamar tuwo. "An ce naku ya fi na kanti."

"Wanda ya gaya miki... bai yi ƙarya ba. Zauna."

Na zauna a gefe na ba Ilima awon. Ta tsaya daga nesa tukuna, kamar yadda ta saba. Sannan ta matso a karkace, ta kama babban hannunsa ta maƙala masa a yatsa.

"Yau kuma 'yar ƙaguwa... likita ta zama?"

"Yi shiru, Tutu, ana awo."

Lambar ta fito, tamanin da 'yan kai. Kanoe ta kau da kai. Ilima ta san ta mamarta casa'in da wani abu ce, ta kuwa faɗa masa haka ba tare da sakayawa ba. Sannan ta zura hannu ƙarƙashin matashin ta jawo robar.

Tsohon ya yi wuf ya dafe. "Bar wannan. Ba sai kin... gan ta ba."

"Ai kullum ina ganinta. Tana huci a nan kamar kyanwa."

Ya dube ta. "Ba ita kike... tsoro ba?"

"Roba ce fa, Tutu. Kawu Herman ma yana da ita."

"Wane ne kuma... Herman?"

"Wani ne a makarantar Mama. Ba shi da ƙafafu."

Tutu Moke ya dubi Kanoe, ya dube ni, ya rasa ta inda zai kama. Ya sake juyawa ga jikarsa. "To in ba ita ba... me na yi miki? Wari nake?"

Ilima ta dubi mamarta. Kanoe ta buɗe baki, na ga bayanin ya taso mata, sai ta rufe. Ta ce, "Gaya masa da kanki."

Ta gaya masa, tana kallon komar da ke cinyarsa. Ta faɗi zancen tukunya da allura, da wayar da ta ji, da Tutu Lei, da filon da take hurawa. Tsohon ya fara dariya a wurin filon. Dariyar ta juye tari, tarin ya ƙi tsayawa, ya dafe gwiwa yana jan iska da kafaɗu, idanunsa sun yi ja. Ilima ta ja da baya a tsorace.

Kanoe ta riga ta isa gabansa. Ta maƙala masa robar a hanci, ta zagaya da ita bayan kunnuwa, bai hana ba. Ta sa ya ɗan sunkuyo ya dafa cinyoyinsa.

"Baba, dube ni. Kar ka yi kokawar ja. Fitarwa za mu yi. Shaƙa ta hanci, kaɗan, kamar kana sansanar fure. Yanzu tsuke baki, hura a hankali, kamar miya ta yi zafi. A hankali. Kar ka tsaya. Ƙara. Yawwa. Sake."

Ba ta ambaci sunan ko jaka ɗaya ta cikin huhu ba. Ta yi tare da shi, tana tsuke nata bakin. Can sai ga Ilima ta matso ta tsaya kusa da mamarta, ita ma ta tsuke baki tana hurawa. Su uku suna ta hura miyar da babu ita. Kafaɗun tsohon suka fara sauka. Lambar da ke yatsansa ta fara hawa, ɗaya bayan ɗaya, har ta shiga casa'in.

Ya jingina da kujera. Ya dubi dutsen da ke bayan gidajen. Sannan ya ce, "Ni ina cire roba... don kar in kore ki. Ke kina gudu... don kar ki kashe ni. Kai, gidan nan... Allah ya haɗa masu wayo."

"Ni dai ban ce komai ba," in ji Kanoe.

"Ke kin fi kowa... faɗa. Tambaya ce ba ki iya ba."

"An riga ka gaya mata, Kawu," na ce.

Ya miƙa hannu ya jawo Ilima gefen kujerarsa. "Saurara, 'yar ƙaguwa. Kakarki... ba bayarwar ce ta kashe ta ba. Ta ga tafiya ta zo... shi ya sa ta bayar. Ni kuwa da nake ba ki kowace safiya... ban taɓa jin ya ragu ba. Da kika daina karɓa ne... na ji."

Ilima ta ɗaga yatsansa mai awo ta miƙa wa mamarta. "Riƙe. Ki juyo da shi yadda zan gani."

Ta hau gefen kujerar da gwiwoyinta. Ta tsaya tana nazarin robar, ta ɗan gyara ta don ta samu wurin hancinta. Sannan ta haɗa goshinta da nasa. Suka ja numfashi tare, ita ido ɗaya a rufe, ɗaya yana leƙen lambar. Lambar ba ta sauka ba. Ta ce a sake. Suka sake. A karo na gaba ta manta da leƙen.

Da ta sauko sai ta tambayi mamarta, a gabansa, "To zai warke?"

Kanoe ta dube ni. Wannan tambayar tana cikin abin da muke koyarwa, amma ba a iya koyar da amsarta a allo. Na bar ta da ita.

"A'a," in ji Kanoe. "Huhun ba zai koma sabo ba. Amma in yana sa robar, yana fitar da tsohuwar iska yadda muka yi yanzu, zuciyarsa za ta huta, zai daɗe yana zaune a nan yana tsokanarki."

"In ya cire fa?"

"Sai ki gaya mini."

"Shi ke nan," in ji Tutu Moke. "An naɗa mini... ɗan sanda a gida."

Muka ci poi da busasshen kifi a barandar. Tsohon ya ci da robarsa a hanci, yana gunagunin cewa tana hana shi jin ƙanshin kifin. Bayan an kwashe kwanuka Ilima ta ɗauko ruwan sabulunta na busa kumfa, domin Kanoe ta ce busa kumfa da tsuke baki duk aiki ɗaya ne. Suka shiga gasa. Nata kumfan ƙanana ne masu yawa, don da gaggawa take busawa. Nasa ɗaya ne, babba, yana girma a hankali har ya saki ya bi iska ya haye mangwaro.

Wannan bai zama gwajin Kanoe ba, domin ƙa'ida ta ce a ɗakin gwaji za a yi, da mutumin da ɗalibi bai sani ba. Da ranar ta zo aka zaunar mata da wata dattijuwa mai asma. Kanoe ta ja kujera, ta aje kayan koyarwar a gefe, ta ce, "Anti, kafin in ce komai, ke a ganinki me ke faruwa a ƙirjinki?"

Tutu Moke bai ƙara ɓoye robar ba. Kumburin ƙafafunsa ya sauka. Da safe, in ji Kanoe, kafin motar makaranta ta iso, Ilima kan duba ko robar ta zauna daidai a bayan kunnuwansa, ta sa shi ya hura miya sau 'yan kaɗan, sannan su haɗa goshi. Yakan ce, "Ungo nawa, tafi da shi aji," ita kuma ta karɓa.

Ta gane cewa numfashin da kakanta ke ba ta ba ya rage masa komai, kuma abin da ƙirjinsa ke buƙata shi ne ya fitar da tsohuwar iska don sabuwa ta samu wuri.